Kiran da Barira Ta Turo Mini

Ni ne shugaban masu amsa waya a wani kamfanin sadarwa, kuma ni na tilasta wa kowa aikin Asabar. Sai Barira, wata ma'aikaciyata, ta nemi Asabar ɗin don ta kai mahaifiyarta aikin ido.

Na ce, "Masu kira ne iyayen gidanmu. Ranar da ɗayansu ya nema miki hutu da bakinsa, kin samu."

Na yi ta jin daɗin dabarata har la'asar, lokacin da ta leƙo.

"Oga, wata ta ce sai da babba za ta yi magana."

Na ɗauka, na ji muryar tsohuwa, ashe mahaifiyar Barira ce.

"Yaro, shekara tara ina kan layinku. Barira nake so ranar Asabar, ta kai ni asibiti."

"Hajiya, wannan ai ba matsalar layi ba ce."

"To, ban gamsu ba."

Barira ta ce a hankali, "Oga, ba a kashe waya sai mai kira ya gamsu. Kai ka rubuta. Kuma ana naɗar kiran."

Ranar Asabar ni na zauna a kujerarta. Cikin kiran da na amsa, uku na iyayen sauran ma'aikata ne.