Shagon da Aka Buɗe Bayan Ƙarfe Ɗaya

Akwai wani injiniya mai suna Badaruddeen, mutumin Zariya, da ke zaune a unguwar Ain Khaled a Doha da matarsa Hafiza da 'ya'yansu uku. Shekararsa tara yana aiki da wani kamfanin gine-gine, kuma Allah ya buɗa masa.

A idon jama'a ba mugun mutum ba ne. In an yi rasuwa ko haihuwa a cikin 'yan gida, yana cikin na farko da za su zo. Amma yana da hali ɗaya: ba ya iya jin "a'a" daga bakin wanda yake ganin bai kai shi ba.

Telansa kuwa wani bawan Allah ne mai suna Abdul-Ganiyu, ɗan Zangon Kumasi. Yana ɗinki a wani ƙaramin shago a Al Asmakh, shagon kafil ɗinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama. Duk Bahaushen da ke son kaftani irin na gida, wurinsa yake zuwa. Mutum ne mai sanyin magana, yana fama da ciwon suga, kuma matarsa Basiratu da 'ya'yansa mata biyu suna can Kumasi, da ɗinkin nan yake riƙe su.

Sai annoba ta shigo a shekarar 2020.

Aka rufe masallatai, aka dakatar da jirage. Shagunan da aka bari su buɗe, aka yanka musu lokaci: ƙarfe ɗaya na rana kowa ya ja ƙofa. Ma'aikatan baladiya, wato hukumar gari, suna zagayawa layi-layi suna dubawa.

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, Abdul-Ganiyu ya kira Badaruddeen da safe.

"Injiniya, kayanka sun gama. Amma don Allah ka zo kafin ƙarfe ɗaya."

"Ina tafe," in ji Badaruddeen.

Bai iso ba sai ɗaya da kwata. Ya tarar an sauke ƙofar ƙarfe, Abdul-Ganiyu na tsugune yana sa kwaɗo.

"Yalla, buɗe mini in karɓa in wuce."

Abdul-Ganiyu ya miƙe yana murza hannu. "Injiniya, ka yi haƙuri, lokaci ya wuce. Gobe da sassafe ni da kaina zan kawo maka har gida."

"Gobe? Daga Ain Khaled na taso cikin wannan ranar, ka ce mini gobe?"

"Wallahi suna zagayawa. Jiya ma sun rufe mai wanki a layin baya."

Ran Badaruddeen ya ɓaci. Ya ɗaga murya har maƙwabcin shagon, wani wanzami ɗan Gana mai suna Yusif, ya tsaya da mabuɗi a hannu yana kallo.

"Shekara nawa ina kawo maka aiki? Mutum nawa na turo maka? Yau ni za ka karanta wa doka? Minti biyu ne. In wani abu ya faru, ni zan tsaya maka. Ka san ko ni wane ne a garin nan."

Abdul-Ganiyu ya dubi hagu, ya dubi dama. Kunya ta kama shi. Ya cire kwaɗon, ya ɗaga ƙofar zuwa rabi.

Da Badaruddeen ya karɓi ledarsa ya fita, da shi ke nan. Amma sai ya ce sai ya gwada. Ya sa rigar, ya juya gaban madubi, ya ce hannun ya yi tsawo, a rage masa yanzu. Abdul-Ganiyu ya zauna kan keken ɗinki ya fara ragewa.

Ƙarar keken ce ta jawo su. Mota ta tsaya, ma'aikata biyu suka sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofar.

Ɗayansu ya duba agogo, ya dubi telan, sannan ya juya ga Badaruddeen ya tambaye shi da Turanci me yake yi a shago a wannan lokaci.

Badaruddeen ya tuna aikinsa, ya tuna takardar zamansa. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Shi ya kira ni. Ya ce in zo, shagonsa a buɗe yake."

Abdul-Ganiyu ya ɗago kai ya dube shi.

Aka rubuta tara, aka manna takarda a ƙofa: an rufe shagon na wata guda. Kafin a gama rubutun, Badaruddeen ya ɗauki ledarsa ya shiga mota.

Ranar Sallah ba a je Idi ba. A falo ya sa kaftanin, aka ɗauki hotuna aka tura gida, kowa yana yaba ɗinkin.

Washegari wayarsa ta yi ƙara. Abdul-Ganiyu ne.

"Injiniya, barka da Sallah. Kafil ya ce khalas, ba ya so na kuma. Amma na roƙe shi, ya ce in mai kayan ya kira shi ya faɗa da bakinsa cewa shi ya matsa mini, zai bar ni in ci gaba. Ba komai nake nema a wurinka ba. Kira ɗaya kawai."

"Zan duba," in ji Badaruddeen.

Hafiza da ke kusa ta ji komai. Ta ce, "Abban Bilqis, ka kira mutumin nan mana. Me zai rage ka?"

"Ke ba ki san ƙasar nan ba. In na amsa laifi, maganar ta kai kamfani fa? Shi ya buɗe shagonsa da hannunsa."

Abdul-Ganiyu ya sake kira bayan kwana biyu, ba a ɗauka ba. Ya turo saƙon murya, ba a buɗe ba. A kira na biyar Badaruddeen ya toshe lambar. Ya samu wani tela ɗan Pakistan a Mesaimeer, ya ci gaba da rayuwarsa.

Shekara biyu suka wuce.

A bazarar 2022 duk garin ya koma wurin aiki, ana rige-rigen gamawa kafin gasar cin kofin duniya. Kamfanin su Badaruddeen na da wani titi da aka makara a kansa. A lokacin zafi kuwa akwai dokar da ta hana sa leburori aiki a rana daga hantsi zuwa la'asar.

Wata ranar Talata manajansa ya kira shi a waya. Ya ce kada a tashi mutane, a ƙarasa zuba kankare.

Badaruddeen ya ce, "Yallaɓai, lokaci ya shiga. Doka ta hana."

Manajan ya ce awa ɗaya ce kawai, kuma in wani abu ya taso shi zai tsaya masa.

Badaruddeen bai iya musu ba. Ya ce a ci gaba.

Kafin azahar wani lebura ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya sa da sauran kwanansa, amma motar asibiti ta zo, masu bincike suka biyo baya, aka dakatar da aikin.

A ɗakin taro, gaban manyan kamfani, manajan ya buɗe hannuwa ya ce shi bai taɓa ba da wannan umarni ba. Ya ce in akwai takarda a nuna.

Babu takarda. Waya ce.

Badaruddeen ya kira shi da yamma, bai ɗauka ba. Ya tura saƙo yana roƙonsa ya faɗi gaskiya ko da a asirce ne. Washegari ya ga an toshe lambarsa.

Ya daɗe zaune a mota da wayar a hannu. Ba manajan yake gani a ransa ba. Fuskar Abdul-Ganiyu yake gani, lokacin da ya ɗago kai daga kan keke.

Aka sallami Badaruddeen daga aiki. Da ƙyar aka bar shi ya zauna zuwa ƙarshen shekara saboda makarantar yara. Ya nemi aiki ko'ina, amma maganar ta riga shi isa. Abokan da ke cika falonsa ranar Juma'a suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Watanni yana cewa zai je Al Asmakh, kunya tana mayar da shi. Sai da aka fara gasar, suna ta haɗa kaya a kwali, Hafiza ta ce, "In muka bar ƙasar nan ba ka nemi gafarar mutumin nan ba, ba za ka taɓa samun sukuni ba."

Wata ranar Juma'a ya tafi. Ranar Gana ke da wasa, tituna cike da masu tuta da ganguna. Shagon ɗinkin ya zama wurin sayar da waya. Amma shagon aski na nan, Yusif na ciki yana share gashi.

Yusif ya gane shi tun daga ƙofa. Bai miƙa masa hannu ba.

"Massa, me kake nema?" in ji shi, da irin kiran da 'yan Gana ke yi wa maigida.

"Abdul-Ganiyu nake nema. Ina da magana da shi."

Yusif ya jingine tsintsiya. "Yanzu?"

Ya ba shi labari a tsaye. Bayan kafil ya kori Abdul-Ganiyu, babu jirgin komawa gida. Ya zauna a ɗakin su Yusif, su takwas. Don kada ya zauna haka, ya riƙa bin masu sauke kaya a wani sito, shi da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi bandir ɗin shadda nauyi ba. A can ya kamu da cutar annobar. Ga suga. Kwana tara ya yi a asibiti, Allah ya yi masa rasuwa.

"Mu huɗu aka bari muka yi masa salla," in ji Yusif. "Mu huɗu, da takunkumi a fuska."

 Badaruddeen ya zauna a kujerar aski yana maimaita Innalillahi.

"Kai ni wurinsa," ya ce. "Don girman Allah."

Bayan sallar Juma'a suka tafi maƙabartar Mesaimeer. Yusif ya bi layi yana duba lambobi har ya tsaya gaban wani kabari. Daga nesa ana jin hon ɗin motocin 'yan kallo.

Badaruddeen ya yi sallama. Duk maganar da ya shirya a hanya ta ɓace. Ya durƙusa yana kuka kamar yaro.

Da ya natsu ya roƙi Yusif ya kira masa matar mamacin. Yusif ya kira Kumasi, ya yi mata bayani a taƙaice, ya miƙa wayar.

"Baiwar Allah, sunana Badaruddeen. Ni ne na sa mijinki ya buɗe shago. Ni ne na yi masa ƙarya a gaban hukuma. Ya roƙe ni kira ɗaya, na ƙi."

Ana jin muryar yara a bayanta.

"Kai ne Injiniya?" in ji Basiratu.

"Ni ne."

"Ya sha faɗa mini sunanka. Kullum in na ce yaya maganar aiki, sai ya ce in kwantar da hankalina, Injiniya babban mutum ne, aiki ne ya yi masa yawa, zai kira. Har ranar da za a kai shi asibiti haka ya ce mini."



"Kwanansa ne ya ƙare, wannan na sani," ta ci gaba. "Ba kai ka kashe shi ba. Abin da ka yi mini ni da yarana, na yafe, don ina so Allah ya yafe mini. Amma nasa ba a hannuna yake ba, Alhaji. Kana gabansa yanzu. Ka tambaye shi."

Ta kashe wayar.

Badaruddeen ya dubi tudun ƙasar da ke gabansa. Yusif ya karɓi wayarsa ya koma bakin ƙofa ya jira shi. Sai da aka kira la'asar Badaruddeen ya taso.

A watan Janairu Badaruddeen da iyalinsa suka koma Zariya. Ya ɗauki nauyin karatun 'yan matan biyu ta hannun Yusif, Basiratu ta karɓa saboda yara, amma ba ta sake yarda ta yi magana da shi ba. Waɗanda suka san shi sun ce ya zama wani mutum dabam, mai yawan shiru. Duk wanda ya zauna da shi ya daɗe, sai ya ba shi wannan labari da bakinsa, ba ya rage komai a ciki, kuma ba ya kai ƙarshe idonsa a bushe.

Darasi: Kada ka yi amfani da girmanka ka tura na ƙasa da kai ya karya doka, domin in abin ya fashe kai za ka shiga mota, shi za a bari a wurin. In kuma ka cuci mutum, ka gyara tun yana da rai, tun gaskiyar da za ka faɗa tana da amfani gare shi. 'Yan uwa, a cikinmu akwai wanda wani ke jiran kiransa yau. Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai, wataƙila ya isa ga wanda yake da sauran lokaci.