Jitar Gali da Keken Ɗinkin Murja

Akwai wani kafinta a unguwar Briqueterie ta Yaoundé, a zamanin mulkin Ahidjo, ana kiransa Gali. Kakansa fatauci ne ya kawo shi daga Kano, shi kuwa a nan aka haife shi. Ya iya katako, babu mai musun wannan. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma yana so kowa ya sani.

Matarsa Murja tela ce. A cikin gida take ɗinki da kekenta na ƙafa, ba ta da yawan magana.

Wata ranar Talata abokinsa Hamadu ya shigo shago rai a ɓace. Hamadu shi ne shugaban wasu makaɗan zamani da ke wasa a bukukuwa, kuma shi ke kaɗa musu jitar bas, wannan mai kaurin murya. Jitar ce ta faɗo daga saman tasi a hanyar Elig-Edzoa, wata babbar mota ta bi ta kanta. Abin da ya tsira sai tsirkiya huɗu da maɗauransu, da wuyan da ya rabe biyu.

"Saura sati uku bikin gidan sarkin fawa, kuma mu aka kira," in ji Hamadu. "Sabuwa sai an yi odarta daga Faransa, wata biyu kafin ta iso."

Gali ya juya guntayen a hannunsa, ya yi dariya.

"Wai mene ne jita? Katako ne da waya. Ba ni kwana ashirin, zan ƙera maka wadda ta fi ta Turawa."

Da ƙarfi ya faɗa, a gaban masu jiran tsire da ke gefen shagon. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa.

Kwana goman farko komai ya tafi daidai. A tsakar gidansa ya yanka gangar jikin daga katakon iroko, ya sassaƙa wuyan, ya auna tazarar layukan da ake danna tsirkiya a kansu daga karyayyen wuyan nan, ya dasa su da sifokin keke. Ya goge ta, ya shafa mata mai har tana ƙyalli. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masha Allah.

Sai dai kyau kawai gare ta, ba ta da murya.

Gali ya tafi wurin Njidda, wani Bafillatanin Garoua mai gyaran rediyo. Njidda ya ce abin da ya rage shi ne mikro, ɗan abin da ke zama ƙarƙashin tsirkiya yana kai sautinta lasifika. Ya ba shi maganaɗisu daga wata tsohuwar lasifika, da ƙullin wayar jan ƙarfe wadda ta fi gashin kai siranta.

"Za ka naɗa wayar nan a kansa, huit mille tours," in ji shi. "Sau dubu takwas, Malam Gali. In ta tsinke, ka koma farko."

"Naɗi ne kawai?" in ji Gali. "An gama."

Ba a gama ba. Hannun da ya saba da zarto da guduma ya yi wa wayar ƙarfi. A ɗari uku ta tsinke. Ya sake, ta tsinke a ɗari shida. Karo na uku ya wuce dubu, sai maƙwabci ya yi sallama, lissafi ya ɓace masa.

Murja tana kallonsa daga bakin ƙofa. A rana ta uku ta ce, "Maigida, da ka bari na gwada a kan keke. Kamar naɗin zare nake ganinsa."

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Murja, wannan harkar lantarki ce, ba zanin gado ba."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma kan ɗinkinta.

Sati guda ya shafe yana fama. In ya fita masallaci sai mahauta su tare shi: "Patron, yaushe za mu ji bum-bum ɗin ne?" Da ya koma neman ƙarin waya, Njidda ya miƙa masa ƙulli ɗaya ya ce, "Wannan ce ta ƙarshe. Wata sai daga Douala."

Saura kwana uku biki Hamadu ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya dai zauna a kan benci ya ce, "In ba za ta yiwu ba ka gaya mini yau, na je na ba su haƙuri. Za su kira makaɗan unguwar Madagascar, mu kuma ba lallai a sake nemanmu ba. Mu biyar ne muke ci da iyalinmu da kiɗan nan."

Maganar ta zauna wa Gali a ƙirji. Tun farko sunansa kawai yake tunani, bai taɓa tuna mutum biyar ɗin nan ba.

Bayan azahar ya shiga ɗakin ɗinki, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Murja, maganar nan da kika yi rannan..."

"Wacce? Ta zanin gado?"

"Na yi kuskure. Ki taimake ni."

Ta danne dariyarta, ta ture ɗinkin gefe. Ta ɗaure maganaɗisun a jikin wilin keken da tsumma da igiyar roba, ta ajiye ƙullin wayar a ƙasa, ta ratsa ta tsakanin yatsunta biyu. Sannan ta miƙa wa Gali kwano da tafin wake.

"Zauna nan. Duk zagaye ɗari ka jefa ƙwaya ɗaya."

Ta fara taka keken a hankali. Yatsun da suka shekara goma sha biyar suna riƙe zare sun san lokacin sassautawa da lokacin ja. A wake na talatin Gali ya ce ko za ta ɗan ƙara sauri. Ta ce, "Maigida, ƙirga kawai."

Ana kiran la'asar ya jefa na tamanin. Wayar ba ta tsinke ba ko sau ɗaya.

Washegari Njidda ya haɗa wayoyi a shagonsa, Hamadu ya rataya jitar ya taɓa tsirkiyar farko. Sautin da ya fito sai da ya girgiza rediyoyin da ke kan kanta. Wata akuya da ke kwance a ƙofa ta zabura ta arce. Masu wucewa suka cika bakin shagon, Hamadu kuwa sai kaɗawa yake yana dariya kamar yaro.

Ranar biki, ana tsakiyar rawa, Hamadu ya ɗaga jitar sama ya ce, "Jama'a, wannan ba daga Faransa ta zo ba. Gali ne ya ƙera ta a nan Briqueterie!"

Aka ɗauki tafi. Gali ya fito, ya karɓi abin magana. Kowa na jiran ya cika baki yadda ya saba.

"Katakon nawa ne," in ji shi. "Amma muryar da kuke ji, Murja ce ta saka mata. Ni sati guda na yi na kasa, ita ta gama tsakanin azahar da la'asar."

Daga ɓangaren mata guɗa ta tashi. Murja ta ja mayafi ta rufe fuska, ƙawayenta suna ta zungurinta.

Bayan sati biyu wani makaɗi ya zo shago daga unguwar Mokolo, rungume da jitar da ta daina magana. Gali ya miƙe da fara'a zai karɓa. Mutumin ya ɗan ja baya.

"Pardon, patron. Madam aka ce na nema."

Gali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ba ka ɓata hanya ba. Zauna ka sha ruwa, bari na tambayo ta ko tana da lokaci."

Darasi: Komai ƙwarewarka, akwai abin da wani ya fi ka sani, kuma sau da yawa mutumin yana cikin gidanka. Kada ka raina shawara don ka raina bakin da ta fito, kuma in an taimake ka, ka faɗi sunan wanda ya taimake ka a gaban jama'a. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai labarin nan, musamman masu cewa su sun san komai.