Ɗan Zabuwa a Akurkin Kaji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata Kaza mai haƙuri ta yi ƙyanƙyasa, sai ga ɗan Zabuwa cikin 'ya'yanta. Ta riƙe shi kamar sauran.

Ran nan da magariba hadari ya haɗo, kowa na shiga akurki, sai Zakara mai girman kai ya tare ƙofa. Ya ce, "Wannan mai ɗigo-ɗigon ba irinmu ba ne. Ya kwana waje."

Kaza ta ce, "Maigida, ni na kwanta kan ƙwansa. In bar wa muzuru shi?"

Zakara ya ce, "Ke shigo, ban da shi."

Kaza ta koma gindin rumbu, ta lulluɓe 'ya'yanta duka. Sauran kaji suka dubi juna, suka fito suka kewaye ta.

Zakara ya ga akurki wayam, ga sanyi. Can ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Uwar yara, ku shigo. Ɗan Zabuwa, ɗana, wuce gaba."

Ruwa ya sauko, suna ciki suna jin ɗumin juna.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare a nan.