Zomo a Bukkar Maharbi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A can ƙarshen duniya, inda rana kan yi wata uku ba ta fito ba, akwai wani Zomo mai son jiki. Duk lokacin sanyi gashinsa kan yi fari fat, kamar ƙanƙarar da ta rufe ƙasa.

Ran nan ya tsinci bukkar katako da wani maharbi ya bari, ga hatsi, ga murhu cike da gawayi. Ya shige murhun ya kwanta abinsa. Tsohuwar Fakara ta leƙo ta ce, "Fito mu haƙa rami cikin ƙanƙara, yadda iyayenmu suka yi."

Ya ce, "Gwaggo, ai su ɗaki ne ba su samu ba."

Yana nan har rana ta dawo, hatsi ya ƙare. Da ya fito, Fakara ta ce, "Wane ne wannan baƙi ƙirin?"

"Ni ne mana, Gwaggo."

"Maza yi birgima ka wanke jikinka!"

"Bari dai in fara sa wani abu a ciki."

Ashe Mikiya tana sama, kwananta uku ba ta ci komai ba. Ta hango baƙin abu ɗaya tal yana tsalle a farin fili, ta sauko ta sure shi.

Ƙurunƙus kan kusu, nan na baro su.