Ponso da Ɗakin Bayan Coci

Ponso mutum ne mai ƙwazo, sai dai girman kai ya yi masa katutu. Sana'arsa tatsar ruwan furen kwakwa, wanda ake dafawa a fitar da lambanog, giyar nan fara tas kamar ruwan sha. Safe da yamma yana sama, yana takawa a kan dogayen sandunan gora biyu da aka gitta daga bishiya zuwa bishiya, ɗaya ta ƙafa, ɗaya ta hannu. Shekara ashirin bai taɓa zamewa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha wannan labari.

Abin da ba ya faɗa shi ne hannunsa ya soma rawa da safe, ba ya tsayawa sai ya kurɓa. Matarsa Luning ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ita ba ta shirya binne miji ba. Ta ce kowace Lahadi waɗanda suka bar sha suna taruwa a ɗakin bayan coci suna ƙarfafa juna, ya je.

Ya je ɗin, amma iyakarsa gindin mangwaro. Daga nan ya ƙare wa takalman bakin ƙofa kallo. Ya gane na Berting wanzami. Ya gane wasu da aka ɗaure da waya, sai ya saki baki, don na Mang Teroy ne, dattijon da ke zuba wa mutane giya a kowane biki. Me mai zuba giya yake nema a nan? Tambayar ta yi ta cin Ponso a rai, amma shiga na nufin a gan shi, shi kuwa ya fi son ya mutu da tambayarsa.

Sai ya bi ta bayan fage. Ya tambayi wani direba, wai wani abokinsa ne ke nema, aka kwatanta masa wani taron masu barin giya a garin Lucena, tafiyar awa biyu. Can ba wanda ya san shi. Mutanen kirki ne, kuma ya yi wata uku bai kurɓa ba. Wata tsohuwa a cikinsu ta ba shi shawara ya nemi na garinsu su ma, don ranar biki su ba sa kusa. Ya yi dariya ya bar zancen.

Duk da haka bai daina sa wa mutanen ɗakin bayan coci ido ba. A wani bikin baftisma ya hango Berting ya karɓi kofi daga hannun Mang Teroy ya shanye, ya kuma tafi gida garau, ko tangaɗi babu. Ponso ya yi ta juya abin, daga ƙarshe ya yanke cewa ɗakin nan na munafukai ne, su sha ranar Asabar su tuba ranar Lahadi. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Ranar bikin waliyyin gari, da rana tsaka, aka yi da'ira a inuwa. Kofi ɗaya ne ke zagayawa kamar kullum, Mang Teroy na zubawa, kuma wanda ya mayar da shi cike ya wulaƙanta mai gida.

"Kai Ponso, Luning ta ɗaure ka a ƙafar gado ne? Zo zauna, mutumina," in ji mai gidan.

Aka kwashe da dariya, ya zauna. Berting ya shanye nasa, kofi ya iso kansa. Cewa "na daina" daidai yake da cewa ya taɓa kasawa, bakinsa kuwa ya ƙi furta wannan. Ya ce a ransa, in wanzami zai iya, shi ma ɗaya ba za ta kashe shi ba. Ɗayar ta zama bakwai. Da yamma ruwan kwakwa ba ya jiran kowa, ya hau bishiya. A tsakanin bishiya ta huɗu da ta biyar ƙafarsa ta taka iska. Ƙugunsa ya karye, likita ya ce zai yi tafiya da sanda, amma shi da gora har abada.

Mang Teroy ya zo dubiya da kwalabe biyu iri ɗaya. Ya zuba daga ɗaya ya miƙa. Ponso ya sunsuna, ruwa ne zalla.

"Shekara tara ke nan kwalba biyu nake ajiyewa a ƙarƙashin benci," in ji dattijon. "Duk wanda nake gani a ɗakin bayan coci, ruwa nake zuba masa. Ni ma shi nake sha."

Kunya da baƙin ciki suka cika Ponso. Can ya tambaya me ya sa shi bai zuba masa ruwan ba.

"Ina na sani, ɗana? Da sau ɗaya ka cire takalminka a ƙofar ɗakin, da na san kwalbar da zan ɗauko."

Lahadin farko da ya iya miƙewa, Luning ta riƙo shi har bayan coci. Ya ajiye takalminsa kusa da waɗanda aka ɗaure da waya, ya dogara sandarsa ya shiga.

Darasin a nan shi ne, wanda ke neman rabuwa da giya kada kunya ta sa ya tsallake taimakon da ke ƙofar gidansa. Na nesa suna da amfani, amma na kusa ne ke zaune tare da kai ranar da kofi zai iso kanka, kuma ba za su iya kare ka ba in ka ɓoye musu.