Sunan Cindo Mai Fito

To, ku gyara zama. Yau ba ta dariya na kawo muku ba, kuma in na kai ƙarshe ku zan bar wa shari'a.

A Tungar Ƙirya, wani gari da ke bakin gulbi, an yi wata mata ana ce mata Inna Marka. Ɗanta na fari shi ne mai fiton garin. Sunansa na yanka Zubairu, amma da yake an haife shi da yatsu shida a hannun dama, Cindo kowa ke kiransa. Kowa fa, ban da uwarsa. Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari, ko gaban alƙali aka kai su ba za su kama sunansa ba. Ita "yaron nan" take cewa, har ya tara gemu.

Wata ranar kasuwa da damina, gulbi ya cika ya batse, jirgin Cindo ya kife a tsakiyar ruwa. An tsamo gawa bakwai, ba a ga tasa ba. Babbar gorar da yake ɗaurewa a jirgi saboda irin wannan rana, ita ma ba a gan ta ba. Sai wani masunci ya ce ya hangi gorar tana bin ruwa, da kan mutum a jikinta. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci: Cindo ya rungumi gorarsa ya tsere, ya bar bayin Allah sun nutse. Ba a yi masa salla ba, ba a yi zaman makoki ba. Sunan ma ya koma zagi, duk wanda ya gudu ya bar abokin tafiyarsa sai a ce ya yi Cindo.

Marka ta san abin da ta haifa, amma da wane baki za ta kare shi? A bakin rijiya mata sukan ambaci sunan su tofar da yawu. In ta ce, "Yaron nan ba haka yake ba," sai wata ta ce, "Wane yaro, Inna? Faɗi sunansa mana." Sai ta ɗauki tulunta ta tafi tana haɗiyar kuka. Abu ɗaya ta riƙa roƙon Allah, kada ya ɗauki ranta sai an wanke sunan nan.

Mutum uku ne suka tsaya wa sunan nan. Na farko shi ne Haladu, ƙanen Cindo. Shekarar da abin ya faru matar Haladu ta haifi namiji. Ranar suna ya ce a raɗa wa yaro Zubairu, kuma Cindo za a riƙa kiransa, ba za a sakaya da Abba ko Baba ba. Liman ya ce, "Haladu, yaron ma yatsunsa biyar-biyar ne." Ya ce, "Na ƙirga, Malam. Cindo ne." Rabin 'yan suna suka tashi ba su karɓi goro ba. Surukansa suka ɗauke 'yarsu wata shida, abokan gonarsa suka janye jiki. Bai sake ba. Kullum da safe yakan tsaya ƙofar gida ya ƙwala wa ɗansa kira da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji, Marka kuwa tana ɗaki tana saurare. Ba don Haladu ba, da sunan ya mutu a bakin masu zagi.

Na biyu shi ne Sallau, makaɗin noma. Shi fa ƙanwarsa na cikin bakwai ɗin da aka tsamo, don haka kada wani ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Da ƙaramin Cindo ya zama saurayi ya shiga gayya, makaɗa sukan wasa kowane manomi da sunansa, in sun zo kansa su tsallake. Wata gayya a gonar sarkin noma, saurayin ya wuce kowa da kunya uku, ganga ta yi shiru kamar ba a gani ba. Sallau ya ji wannan zalunci ya fi ƙarfinsa. Ya buga ganga, murya na rawa, ya ce, "Cindo na Haladu, Cindo jikan Marka, ja garma!" Sarkin noma ya kore shi daga gonar a take, garin kuma ya daina gayyatarsa. Ya rataya gangarsa ya shiga ƙauyuka, ko'ina ya je sai ya yi waƙar, har wani mai sayar da kaset ya naɗe ta. Ba don Sallau ba, da sunan bai ƙetare gulbi ba.

Ta uku ita ce Malama Tasalla, malamar makaranta a birni, mai ƙaga labarai ana karantawa a rediyo. A cikin motar haya ta ji kaset ɗin, ta kasa gane abin da ya sa muryar makaɗi ke karyewa a kan suna ɗaya. Ta bi sawu har ta sami Sallau, shi ya kawo ta Tungar Ƙirya. Kwana uku ta yi a ɗakin Marka, tsohuwa tana ba ta labarin yaron nan. Da ta koma ta rubuta labarin wani mai fito da jirginsa ya kife. Ta sake sunan gari, ta ƙaga mutane, ba ta ce ya gudu ba, ba ta kuma ce bai gudu ba, don ita ma ba ta sani ba. Amma suna da yatsu shida da gora, ta bar su yadda suke. Mutanen gidan rediyo suka ce ta canza sunan, kada dangin mamata su tayar da rigima. Ta ce sai dai a fasa. Aka jefa takardunta a akwati shekara biyu, aka daina karɓar sauran labaranta, ta ƙi tanƙwaruwa har suka gaji suka karanta. Ba don Tasalla ba, da sunan bai isa kunnen da ya kamata ba.

Can ƙasan gulbi, tafiyar kwana huɗu, wata mata mai suna Kyauta tana tankaɗe da la'asar, rediyo na gefenta. Da ta ji labarin sai rariya ta suɓuce mata. Washegari ta nemi gidan rediyo, aka haɗa ta da Tasalla, Tasalla ta kawo ta ƙofar gidan mai garin Tungar Ƙirya.

Kyauta ta ce, "Ranka ya daɗe, ni 'yar baƙi ce, iyayena matafiya ne, suna cikin waɗanda suka nutse, shi ya sa ba wanda ya neme ni. Ina cikin jirgin nan ranar da ya kife, ina da shekara biyar lokacin. Na ji ana ihu, Cindo, Cindo! Sai wani hannu mai yatsu shida ya ɗora ni kan gora, ya ɗaure ni da rawaninsa, ya tura ni. Na waiwaya na ga ya koma wajen masu ihun. Kan da aka hango a jikin gora, nawa ne."

Masuncin nan da ya ba da shaida, ya tsufa yanzu, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rigarsa. Marka, wadda aka riƙo ta hannu biyu don ƙafa ta ƙi, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Shekara talatin tana jiran wannan rana, da ta zo sai ta ji daɗi da baƙin ciki sun haɗe mata.

Liman ya ce gobe da hantsi gari duka zai taru a bakin mashigi a yi wa mamacin addu'ar da aka hana shi, a nemi gafararsa. Ya ce mutum ɗaya zai miƙe ya ambaci sunansa a gaban jama'a, kuma ba wanda ya fi uwarsa haƙƙi. Marka ta buɗe baki. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa, sunan ya ƙi fita.

Ta ce, "Malam, bakina ba zai iya ba. Ɗaya daga cikin ukun nan ya zama bakina."

Duk suna wurin, ta dubi Haladu, ta dubi Sallau, ta dubi Tasalla, ta rasa wanda za ta nuna. Ɗaya ya ba sunan mai amsa shi, ɗaya ya kai shi nesa alhali ƙanwarsa na kabari, ɗaya ta ƙi sakinsa har ya sami mai shaida.

To, jama'a, gobe in an taru a bakin gulbi, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya miƙe ya kira sunan a madadin Marka?