Kwandon Gyaɗar Inna Hansai

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da mota sai ranar kasuwa take shiga garin, ana ce mata Inna Hansai. Ku saurara, don ba hira na zo taya ku ba.

Matar nan mai magani ce, amma ba ta ba da saiwa, ba ta ba da rubutu. Kunnenta shi ne maganinta. Wadda ta haihu hankalinta ya gushe, wadda ta fita takaba amma zuciyarta ta ƙi fita, wadda ta binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya, duk wurinta ake kai su. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta tura wa mace kwandon gyaɗa, ta ce, "Ɓare mini." Ita kuwa ta naɗe hannu ta yi shiru. Hannu na ɓara, baki na buɗewa. Kowa a garin ya san ƙa'idar: wadda kwando ke gabanta, ita ce mai magana.

Ba wanda ya san ƙa'idar nan kamar aminiyarta Tasalla. Tare suka yi tallan fura suna yara. Da mijin Tasalla ya rasu, a kan tabarmar nan ta ɓare buhu guda kafin ta koma cin abinci. Daga nan ta saba. Kullum bayan la'asar tana can, yau ƙarar suruka, gobe ɗanta da ya tafi kurmi bai aiko ba.

Wata shekara, da kakar gyaɗa, Tasalla ta lura Hansai tana manne hannun dama a jikinta.

"Ƙawalli, me ya sami hannun?"

"Sanyi ne. Da sauƙi."

"To, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ji abin da yarinyar nan ta yi mini yau?"

Kun ji ko? Tambaya ɗaya, ta sauke farali, ta koma kan tata.

Bayan kwana kaɗan Tasalla ta shigo ta tarar da abin da ba ta taɓa gani ba. Hansai ta jawo kwandon gabanta, tana ɓara da kanta.

"Zauna, Tasalla," in ji ta. "Yau ni zan ɓare."

Tasalla ta yi dariya, ta fizge kwandon. "Kawo nan, tsohuwar banza! Yaushe rijiya ta fara jin ƙishi? Ni ce da magana, cikina fal yake."

Hansai ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta naɗe hannu ta ce, "To, faɗi, ina ji." Ta saurare ta har aka kira magariba. Ba ta sake jawo kwandon gabanta ba.

Shekara ta zagayo. 'Yar Hansai, Sahura, da ke aure a wani ƙauye, ta zo ganin gida. 'Yar fari ce, ko sunanta uwar ba ta kira saboda kunya, balle ta buɗe mata ƙirji. Sahura ta kwaso kayan wanki, sai ga tsummoki a ƙasan gado, sun bushe da jini da mugunya. Ta fito tsakar gida tana riƙe da su, ta ce da Tasalla, "Baba, kullum kina gidan nan. Ba ki gani ba?"



Ranar kasuwa aka sa Hansai a mota zuwa asibitin birni. Likita ya duba ya ce, "Ciwon daji ne. A mama ya fara, yanzu ya bi jiki. Da bara kuka kawo ta, da mun gwada. Ku mayar da ita gida."

Bara. Tasalla ta tuna. Bara da kakar gyaɗa, ranar da ta fizge kwando.

Da aka dawo da Hansai gida, Tasalla ta ɗauko kwandon ta ajiye kusa da hannunta a kan shimfiɗa.

"Ga shi, ƙawalli. Yau ranarki ce. Wallahi ba zan ce uffan ba. Faɗi."

Hansai ta laluba ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Ta matsa, ba ta fashe ba. Ta sake matsawa, gyaɗar ta zame ta faɗi. Leɓenta ya motsa. Tasalla ta kai kunne dab da bakinta, ba ta ji komai ba sai numfashi. Kwana uku bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku gidan ya cika maƙil, mata na kuka suna cewa, "Wa zai saurare mu yanzu?" Kun ji? Har a kukan mutuwarta kansu suke yi wa kuka. Tasalla kaɗai ba ta yi kuka ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, ba ta sake sa gyaɗa a bakinta ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta san abin da aminiyarta ta so faɗa mata ba.

Kada wani ya ce mini ajali ne. Na sani, ajali na Allah ne. Amma fizge kwandon, wannan namu ne, kuma za a tambaye mu. Mai ɗaukar nauyin mutane shi ma mutum ne, yana ciwo, yana jin tsoro. "Da sauƙi" kara ce kawai, ba amsa ba ce.

Kowannenku yana da Hansai. Uwarka ce, ko yayarki, ko maƙwabciyar da kuke juye wa damuwa kamar bola. In kun koma gida ku tambaye ta jikinta. In ta ce da sauƙi, ku zauna, ku rufe baki, ku sake tambaya. Na san akasarinku ba za ku yi ba, sai ranar da kuka zo da kwando hannun ya riga ya mutu.